Darasi: zaɓen wandon kariya ga mai hawa bishiya da injin zarto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma daga Agege muke, a bayan shago, ku yi haƙuri da ƙarar janareton maƙwabta. Ƙanena, ɗan matso da wayar nan kusa, wandon nake so su gani, ba fuskata ba.

To, wannan da ke hannuna shi ne wandon kariya na masu aiki da injin zarto. Da yawanmu da ke sassabe da rage rassa a gidajen Ikoyi da Ikeja da Lekki, da jins muke hawa. Ni ma na yi shekaru a haka. Amma sarƙar ƙaramin injin da muke hawa da shi tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 72 a awa. Ka ƙaddara motar haya ta danfo ce ta samu hanya a kan gadar Third Mainland, sai dai wannan haƙora gare ta. Jins ba ya ce mata komai. Kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini, in ta tsinke kana sama, kafin a sauko da kai a ratsa cunkoson Legas zuwa asibiti, sai dai wani ikon Allah.

Ku duba nan, na farke wani tsoho don ku ga cikinsa. Mutane na zaton wani ƙarfe ne a ciki ko fata mai tauri. A'a. Zaruruwa ne dogaye, an shimfiɗa su hawa-hawa, ba a saƙa su da ƙarfi ba, da gangan. Da sarƙa ta ci yadin waje sai ta fizgo su, su naɗe a haƙoran da ke juya ta, inji ya shaƙe ya tsaya. Wandon ba ya hana sarƙa cizo, shaƙe ta yake yi. Ku riƙe wannan, don duk abin da zan faɗa kan wanki da ɗinki daga nan ya taso.

Yanzu lakabin ciki. Nemi ɗan zanen injin zarto a cikin garkuwa. A kusa da shi za ka ga EN ISO 11393-2, ko a tsofaffi EN 381-5, ma'aunin Turai ke nan. Sai aji: aji 1 an gwada shi da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa, aji 2 mita 24, aji 3 mita 28. Wandon da ba shi da wannan lakabi, komai kaurinsa da yawan aljihunsa, wandon aiki ne kawai.

Nan ne 'yan uwa ke ruɗewa. Kowa ya zo sai ya ce, Malam, ai aji 3 zan saya tunda shi ne babba. Ni dai ban ba mai hawa wannan shawara ba. Yawan aji, yawan kauri da nauyi da zafi. Mai hawa kuwa sai ya ɗaga gwiwa har ƙirji, ya buɗe ƙafa tsakanin reshe da reshe. Aji 1 shi ne wanda akasarin masu hawa ke sawa. Abin da ya fi aji muhimmanci a wurinka shi ne harafin da ke jiki: A ko C.

Samfurin A gaba kawai yake karewa. An yi shi ne don mai yanka a ƙasa, wanda inji ke gabansa kullum. Samfurin C kuwa zagaye yake, gaba da baya. To kai da ke rataye da igiya a kan mangwaro, ina gaba ina baya? Wani lokaci ka karkace, ƙafa ɗaya a sama, inji na gefenka ko ƙasan gwiwarka. Akwai wani abokin aikinmu, ba zan faɗi sunansa ba, muna rage wata tsohuwar darbejiya, yana sanye da samfurin A mai kyau. Reshe ya sake, ya juya da shi, bakin inji ya shafi sha-raɓarsa ta baya, daidai inda babu zaren. Allah ya kiyaye, ɗinki aka yi masa, amma ya fi wata biyu bai hau ba. Ko a Ingila, hukumar kula da lafiyar ma'aikata C take ba masu aiki a sama shawarar sawa, sai dai ta yarda a sa A in an auna an ga zafi zai fi zama haɗari.

Kuma zafin nan ba abin wasa ba ne, mu da ke Legas mun fi su sani. Watan Fabrairu zuwa Maris, rana ta take, iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa a jiki. Mutum ya sa C mai kauri, kafin azahar jiri na ɗibarsa, kuma jiri a kan bishiya shi ma kisa yake. Abin da na fi gani ma, sai ya tuɓe ya rataye a mota ya koma jins. Don haka ni abin da nake yi: C mara nauyi, aji 1, mai yadi mai talewa, mai zif ɗin shan iska a bayan cinya. In fara aiki da sassafe, in sauko in sha ruwa, in bar tsakar rana ta wuce. Wanda ya ƙware, aikinsa ɗan rage rassa ne a tsananin zafi, in ya zaɓi A ya san abin da ya bari a buɗe. Sabon shiga kam, C, babu ciniki.

Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a kan wando da maɗauri ta baya, an fi amfani da shi a Amurka. Ya fi araha, yana da kyau a ƙasa. Kar ka hau da shi, maɗauran nan kama reshe suke.

Gwaji fa? Ka je da ɗamarar hawanka, wato wadda kake maƙala wa igiya, ka sa a kan wandon. Ka tsuguna. Ka ɗora ƙafa kan benci, kamar haka. In ya ja ka a gwiwa ko a tsakani, ba naka ba ne. Duba ko zif ɗin aljihu ya faɗo ƙarƙashin maɗaurin cinya, in ya faɗo zai ci maka fata yini guda. Tsawo ya sauko ya rufe wuyan takalmi, kar a bar idon sawu a waje. Kuma kar ya yi burmu-burmu kamar buje.

Sai zancen kuɗi. Sababbi na Stihl ko Husqvarna ko Pfanner suna da tsada, ba na musu, shi ya sa wasu ke leƙa gwanjo a Katangowa ko Yaba. Ana dacewa, amma ka juya cikinsa waje. In ka ga faci, ko ɗinkin da ya ratsa shimfiɗar zaren, ko zaren ya dunƙule ya zazzago ƙasa, ko ya sha baƙin mai ya ƙandare, ajiye musu kayansu. Ba ka san tarihinsa ba. Wanda sarƙa ta taɓa ci har ta ja zare, ya gama aikinsa.

Haka in naka ya yage a waje, ka tsaya a kan tela ya ɗinke yadin sama kaɗai. In allura ta haɗa da zaren ciki ta ɗaure shi, ranar da ake so ya fizgo ba zai fizgo ba. In ya yi maka tsawo ma kar a yanke ƙafar, canza shi za ka yi.

Wanki kuwa, a riƙa yi, don mai da ƙaro suna manne zaren. Bi abin da lakabin ya ce. Ban da bilic, ban da ruwan laushin kaya, ban da murɗa da ƙarfi wajen matsewa, kuma kar a kai wa mai bugu. A miƙar da shi a shanya a inuwa. Da damina yakan kwana biyu bai bushe ba, sai ka wanke ranar Asabar da yamma.

Ƙanena, miƙo min ɗamarar can, ka ja baya kaɗan su ga ƙafata duka. Zan hau mangwaron nan na tsakar gida, ku lura da yadda gwiwar wandon ke buɗewa in na taka reshen farko. Bismillah.