Tsibiran Yarimomi: Awa Ɗaya da Rabi a Kan Tekun Marmara

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan ƙarar da kuke ji ta jirgin ruwa ce, yana shirin barin tashar Kabatash a birnin Istanbul, wanda kakanninmu suka fi sani da Santambul. Ni da abokina muna hawa na sama, kowa da ɗan kofin shayinsa a hannu. Mun nufi wasu tsibirai guda tara da ke Tekun Marmara. Turkawa suna ce musu Adalar, wato tsibirai kawai. Baƙi kuwa suna kiran su Tsibiran Yarimomi. Sunan akwai daɗin ji, amma ku biyo mu ku ji inda ya samo asali.

Shawara ta farko, ku hau jirgi mai tafiya a hankali, wanda yake tsayawa a kowane ɗaya daga cikin manyan tsibiran huɗu. Akwai masu gudu, amma za su rufe ku a ciki ne, ku isa ba ku ga komai ba. Kuma ku kama kujera a hannun dama. Ga dalilin nan a gabanku: Fadar Topkapi, sai Ayasofiya, sai Masallacin Sultan Ahmad da hasumiyoyinsa shida, duk sun jeru kamar an zana su. Tsuntsayen teku kuma suna bin jirgin, fasinjoji na jefa musu gutsuren burodi, suna cafkewa tun bai taɓa ruwa ba.

Tsibirin farko shi ne Kinaliada. Abokina ya dube shi ya ce, "Kai, wannan ƙasa sai ka ce an sa mata lalle." Bai san ya fassara sunan ba ne, domin ma'anarsa ke nan da Turkanci, tsibiri mai lalle. Ƙarfe da tagulla da ke cikin ƙasar su suka ba ta wannan ja.

A nan ne nake so mu ɗan daɗe. A shekarar 1071, Sarkin Rumawan Gabas, Romanos na Huɗu, wanda fadarsa take a birnin da yanzu ake kira Istanbul, ya gwabza da Sultan Alp Arslan na Saljuƙawa a Manzikert. Aka ci shi da yaƙi, aka kama shi da rai. Sultan ya karrama shi, suka yi yarjejeniya, ya sake shi ya koma gida. Kafin ya isa, 'yan fadarsa sun tsige shi. A 1072 suka ƙwaƙule masa idanu, suka kawo shi wannan tsibiri, raunin ya ruɓe, ya mutu a nan. Abokin gaba ya bar shi da ransa da idanunsa, na gida ne suka raba shi da su. Me ya sa idanu? Saboda a al'adar daular, mai naƙasa ba ya hawa karagar mulki. In ka makantar da mutum ka kawar da shi daga sarauta ba tare da an ce ka kashe shi ba. Daga nan sai a tura shi gidan ibadar da ke tsibiri, kusa da birni yadda za a sa masa ido, nesa da shi yadda ba zai tara magoya baya ba. Yarimomin da ke cikin sunan, irin waɗannan ne.

Da na gama ba shi labarin, abokina ya yi shiru, ya juya yana kallon birnin da muka baro. Daga nan ana hango shi sarai. Ya ce, "Ka ga, ga gida nan kusa, amma ba hanya." Wannan ne amfanin tafiya da aboki. Ni na zo da shekaru da sunaye, shi kuma ya ga abin da ban lura da shi ba.

Tsibiri na biyu, Burgazada, tsayawar 'yan mintoci. Amma ku duba can nesa, wajen yamma, akwai ƙananan tsibirai biyu. Mai tsinin shi ne Sibriada. A 1910 aka kwashe dubban karnukan titin Istanbul aka zuba su a can, ba ruwa ba abinci, har suka ƙare. Har yau mutanen birnin suna ambaton abin da takaici. Shimfiɗaɗɗen kuma Yassiada ne, inda sojojin da suka yi juyin mulki a 1960 suka gurfanar da Firayim Minista Adnan Menderes. An rataye shi a 1961, a wani tsibirin daban mai suna Imrali.

Sai Heybeliada. Heybe na nufin mangala, kuma in kun dubi tuddanta da kwarin da ke tsakaninsu, za ku ga kamar an ɗora wa jaki kaya. Farin ginin da ke bakin ruwa na makarantar sojan ruwa ne. Na saman tudu, cikin itatuwa, makarantar horar da limaman Kiristocin Girka ce, da aka buɗe a 1844, aka rufe a 1971.

Ga mu a Buyukada, babban tsibiri. Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne shiru. An hana motocin jama'a yawo a nan. Da keken doki ake zirga-zirga, har cutar dawaki ta ɓarke, aka daina amfani da su a 2020, aka kawo ƙananan motoci masu aiki da lantarki. Mu dai kekuna muka yi haya. Gidajen katako masu baranda da kuke gani, yawancinsu sun tashi ne bayan jiragen ruwa masu tururi sun fara zuwa a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da attajiran Daular Usmaniyya, Turkawa da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa, suka mayar da wurin zaman bazara. Shi ya sa za ku ga masallaci, ku ga coci, ku ga majami'ar Yahudawa a tsibiri ɗaya. A nan ma Leon Trotsky, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin Rasha, ya zauna daga 1929 zuwa 1933, bayan Stalin ya kore shi daga Tarayyar Sobiyet.

Amma ginin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan, a saman tudu. An gina shi a 1898 domin ya zama otal da gidan caca, Sultan Abdulhamid na Biyu ya hana lasisi. Sai aka mayar da shi gidan marayun Girkawa a 1903, ya yi ta rainon yara har 1964. Yana cikin manyan gine-ginen katako na duniya, ga shi yanzu rufin ya lotsa, tagogin sun zama ramuka. Na tsaya a bakin shinge ina tunanin hayaniyar yaran da ta taɓa cika shi. Wallahi ginin nan ya cancanci a cece shi.

Daga nan muka jingine kekunan, muka hau tudun Aya Yorgi da ƙafa, kusan mita 200 sama da teku. Hawan akwai wuya, sau biyu muna tsayawa mu huta. Kafin ku yi irin wannan hawa, ku tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe, kuma ku tambayi yanayin iska, domin idan iskar kudu maso yamma da suke kira lodos ta taso, akan dakatar da jirage. A can sama abokina ya miƙa yatsa yana ƙirga tsibiran ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga mai lallen. Ga jirginmu can ƙasa, ya baro Heybeliada, yana tahowa. Mu sauka.