Na'urar gwajin suga tana da arha, to ina kuɗin ke tafiya?

Dubi ɗan tsinken gwajin suga, wato ɗan siririn fallen da ake ɗiga wa jini, bai kai tsawon yatsa ba. Ka zura shi a na'ura, ka huda yatsa, ka taɓa ɗigon jini a bakinsa, cikin 'yan daƙiƙu lamba ta fito. Shi ke nan, aikinsa ya ƙare, sai kwandon shara.

A kan tsinken nan kasuwar gaba ɗaya take tsaye. Na'urar sau ɗaya ake saye, kuma kamfanoni kan karya farashinta, wani lokaci ma su bayar kyauta. Ba faɗuwa suke yi ba. Tsinken Accu-Chek ba ya aiki a na'urar OneTouch, na Contour ba ya aiki a FreeStyle. Ranar da ka ɗauki na'ura, ranar ka ɗaura ciniki da kamfaninta, duk wata sai ka koma.

Mu yi lissafi. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, in yana gwaji sau 4 a rana, yana cinye tsinke 120 a wata, 1,460 a shekara. Gwangwani mai 50 ko mako biyu ba ya kai shi. Ga allurar huda yatsa, ga batir.

A bakin tsinken akwai wani sinadari da ke haɗuwa da sugan jini ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita na'urar ke aunawa. Zafi da laima suna lalata shi. Gwangwanin da aka bari a buɗe, ko ya wuni a mota cikin rana, ko wa'adinsa ya wuce, yana iya ba da lambar da ba daidai ba, alhali da ita mutum zai san yawan insulin ɗin da zai yi. Wannan shi ya fi tayar min da hankali, domin tsada tana sa mutane sayen tsohon kaya mai rahusa, ko su riƙa tsallake gwaji suna cewa ai jikinsu zai faɗa musu. Sau da yawa suga yana hawa jiki bai nuna ba.

Akwai kuma na'urar da ake mannawa a damtse tana auna suga dare da rana. Ta rage huda yatsa, amma samfurin FreeStyle Libre 2 kwana 14 take yi, na Dexcom G6 kwana 10, sai a sayi sabuwa.

Kafin ka ɗauki na'ura, tambayi kuɗin gwangwanin tsinkenta, ko ana samunsa a kai a kai, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Sannan likitanka ya faɗa maka sau nawa ya kamata ka gwada, don mai shan ƙwaya kaɗai yawanci ba ya buƙatar yawan gwajin mai allura.