Haƙurin Finlan da Zafin Kanada a Kan Ƙanƙara

Jama'a masu sauraro, yawanci ranar 26 ga Disamba ake buɗe gasar duniya ta wasan hoki na ƙanƙara ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20, kuma karawar da na fi ɗokin gani ita ce ta Kanada da Finlan.

Ɗan Kanada a ƙaramin fili ya tashi, mai faɗin mita 26. Wurin juyi ya yi kaɗan, don haka tun yana yaro ake koya masa ya cilla faifan roba can kusurwar abokan karawa, ya bi shi a guje, ya matse mai tsaron baya da bango har sai ya saki. Ba sa barin mutum ya numfasa. Filin Turai kuwa yakan kai mita 30, wanda ya ce zai bi kowa da gudu a nan, kafin a je ko'ina ƙafarsa ta mutu. Shi ya sa 'yan Finlan ke tafiya su biyar kamar tsintsiya, su toshe tsakiyar fili, su kora ka gefe, in ka buga su tare da jikinsu. Ga shi da yawansu sun riga sun goge da manya a gasar Liiga ta ƙasarsu, alhali yawancin 'yan Kanada da sa'anninsu suke fafatawa.

Mu tuna daren 2 ga Janairun 2019 a birnin Bankuba. Kanada na gaba da ci ɗaya, saura daƙiƙa 46 a tashi, faifan ya doki takalmin Aleksi Heponiemi na Finlan ya faɗa ragar Kanada. A ƙarin lokaci aka ba kyaftin ɗin Kanada Maxime Comtois bugun daga kai sai mai tsaron gida, mai tsaron ragar Finlan Ukko-Pekka Luukkonen ya tare. Can kuma Noah Dobson na Kanada ya ga raga a buɗe, ya ɗaga sanda zai buga, sandar ta karye a hannunsa! Nan take Finlan ta juyo, Toni Utunen ya zura ta biyu. Wasu sun ce sa'a ce. Ni kam ban yarda ba, domin ƙungiyar da ta daɗe tana baya da ci ɗaya amma ba ta watse ba, ita ta saya wa kanta wannan dama. Ƙasa mai mutum miliyan 5.5 ke nan, ta ɗauki kofin a 2014, da 2016, da kuma shekarar.

Amma kada a raina zuciyar Kanada mai kofi 20. A wasan ƙarshe na Agustan 2022 a Edmonton, faifan Finlan na daf da tsallake layin raga, Mason McTavish ya kaɗe shi da sanda a iska ya share. Ba a jima ba Kent Johnson ya ci, aka tashi 3 da 2.