Binciken da Jama'a Suka Biya, Wa Ya Kulle Shi?

Masu kallo, assalamu alaikum.

A ce kana neman sakamakon wani bincike kan cutar da ke damun wani naka. Ka shiga intanet, ka samo maƙalar, ka karanta taƙaitaccen bayanin da ke samanta. Kana danna wurin ci gaba, sai shafin ya ce sai ka biya dala 30 ko 40 kafin ka ga sauran. Maƙala ɗaya tak, mai shafi goma ko sha biyu.

Kuɗin nan ba aljihun mai binciken suke shiga ba. Gwamnati ko wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyin aikin, galibi daga harajin jama'a. Masu bincike su yi aikin, su rubuta, su miƙa wa mujalla ba a ba su ko sisi ba. Mujallar ta tura wa wasu masana su tantance, su ma kyauta suke yi. Daga nan kamfanin ɗab'i ya buga, ya juyo ya sayar wa ɗakunan karatu na jami'o'in da suka sha wahalar tun farko. Tamkar manomi ne ya noma gonarsa, ya ba wani hatsin ya sussuke, sannan ya dawo yana saye a hannunsa da tsada. Elsevier, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan, ya daɗe yana cin ribar da ta haura kashi 30 cikin ɗari. A 2012 ɗakin karatu na jami'ar Harvard ya sanar da malamansa cewa tsadar mujallu ta kai inda ba za ta ɗore ba. Idan Harvard da duk arzikinta tana kuka, sauran jami'o'in duniya fa?

Da can akwai hujja. Tun 1665, lokacin da mujallun kimiyya na farko suka fito a Landan da Faris, sai an sayi takarda, an buga, an yi dakon kowane kwafi. Zuwan intanet ya kawar da yawancin wannan ɗawainiya. A 1991 wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Paul Ginsparg, ya buɗe ma'ajiyar arXiv, inda masana ke ɗora maƙalunsu kowa ya sauke kyauta tun kafin mujalla ta buga. A 2002 wasu masana da masu kula da ɗakunan karatu suka fitar da sanarwar Budapest, suna kira da a buɗe sakamakon bincike ga duk mai intanet. Saboda irin wannan fafutuka, yau idan shafi ya nemi ka biya, kada ka yi saurin juyawa. Duba arXiv ko PubMed Central, ko ka sa manhajar Unpaywall ta nemo maka kwafin halal. In duk ya faskara, aika wa marubucin saƙo. Yawancinsu murna suke yi a ce ana son karanta aikinsu.

Sai dai karanta maƙala rabin magana ne. Maƙala labari ce da mai bincike ya bayar kan abin da ya gani. Alƙaluman da ya tattara su ne shaidar.

A 2010 wasu fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa cewa idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bunƙasar tattalin arzikinta na faɗuwa warwas. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da wannan adadi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Bayan 'yan shekaru aka ba wani ɗalibi a jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aikin aji: ya zaɓi maƙala ya maimaita lissafinta. Ya zaɓi wannan. Ya yi, ya sake yi, lissafi ya ƙi fitowa daidai. Sai ya rubuta wa marubutan, su kuwa suka turo masa ainihin jadawalin Excel da suka yi aiki da shi. Yana dubawa ya ga wurin da aka ja layi don fitar da matsakaici bai kai ƙarshen jerin ƙasashen ba. Ƙasashe biyar sun zube: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Shi da malamansa biyu suka gyara wannan da wasu matsalolin, suka wallafa a 2013. Maimakon raguwar kashi 0.1 da maƙalar ta ce ƙasashe masu irin wannan bashi na samu, sai ga bunƙasa ta kashi 2.2. Marubutan sun amince da kuskuren jadawalin, ko da yake sun tsaya a kan cewa bashi mai yawa na tafiya da raguwar bunƙasa. Ni a ganina sun cancanci yabo da suka turo jadawalin. Abin da ke damuna shi ne shekara uku da aka yi ana yanke wa miliyoyin mutane hukunci da lissafin da ba wanda ya leƙa cikinsa.

Ba su kaɗai ba ne. A 2015 wata babbar tawaga ta maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan'adam, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba.

Ga kuma ɗaya ɓangaren, inda aka buɗe da wuri. A 1996 masu aikin zana taswirar ƙwayoyin halittar ɗan'adam suka haɗu a Bermuda, suka yi yarjejeniya cewa duk abin da aka gano a saka shi a fili cikin awa 24. Wannan ɗabi'a ce ta yi rana a watan Janairun 2020, lokacin da Farfesa Zhang Yongzhen na Shanghai ya yarda abokin aikinsa Edward Holmes ya ɗora tsarin halittar ƙwayar cutar korona a intanet. Cikin kwana biyu kamfanin Moderna ya kammala zana tsarin rigakafinsa, ba tare da ƙwayar cutar ta shiga ɗakin gwajinsa ba.

To yanzu gwamnatoci sun farka. Masu ba da kuɗin bincike a Turai sun ƙaddamar da Plan S a 2018, shirin da ya wajabta buɗe wa kowa sakamakon binciken da suka biya, ƙasashe 193 sun amince da shawarar UNESCO kan buɗaɗɗiyar kimiyya a Nuwamban 2021, Amurka kuma ta ba da irin wannan umarni a 2022.

Amma kada mu yi gaggawar tafi. Kamfanonin sun ce to, mai karatu ya karanta kyauta, marubuci ya biya. Mujallar Nature ta sa kuɗin buɗe maƙala ɗaya Yuro 9,500 a 2021. Malamin da jami'arsa ba ta da hali yanzu yana iya karanta na wasu, amma nasa ba zai shiga ba. Kuma tunda kuɗi na zuwa ne da yawan maƙalu, sai mujallun bogi suka yi ta tsirowa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wa mujallu 304 maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai, 157 suka karɓa. Akwai hanyar da ta fi: tun ƙarshen shekarun 1990 Barazil ke tafiyar da SciELO, dandalin mujallun kimiyya na intanet, da kuɗin hukuma, kuma da yawa daga mujallunsa ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu.

Raba bayanai ma yana buƙatar adalci. A Nuwamban 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da duniya nau'in Omicron na cutar korona ba ɓata lokaci. Sakayyarsu ita ce ƙasashe da dama suka rufe wa yankin hanyar jiragen sama. Wanda aka yi wa haka, gobe da wuya ya yi saurin magana. Haka nan bayanan marasa lafiya amana ce. Goge suna kaɗai bai isa ba, domin ranar haihuwa da jinsi da unguwa kan isa a gane mutum.

Idan kai mai bincike ne, fara da na hannunka. Nemi izinin mutanen da ka tattara bayanansu tun a takardar amincewa, ka cire duk abin da zai fallasa su, ka ɗora a ma'ajiya irin Zenodo da CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ke kula da ita, kyauta ce, kuma za ta ba ka lambar da za a riƙa ambaton aikinka da ita. Ka haɗa da ɗan bayani: me kowane layi ke nufi, da wane ma'auni aka auna, yaushe aka tattara, kuma waɗanne alƙaluma ka cire, saboda me.