Amsoshin Tambayoyinku: Yaranmu da wasan harbin kibiya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Daga nan Zariya muke kawo muku filin Amsoshin Tambayoyinku, kuma wasiƙun da muka ware yau duk na iyaye ne waɗanda 'ya'yansu suka tsunduma cikin wasan harbin kibiya.

Ta farko daga wani magidanci ce a Tudun Wada. Ya ce ɗansa mai shekara 13 yana koyo a hannun wani koci, har an fara zuwa da shi gasa. A wurin atisaye yana harbi lafiya lau, amma da ya tsaya gaban jama'a sai hannu ya kama rawa. Ya ce: "Na yi faɗa, na yi lallashi, har alkawarin keke na yi masa. Ko in sayo masa baka mai ƙarfi irin na manya?"

Malam, Allah Ya saka maka da alheri da wannan ɗawainiya, amma don Allah kada ka sayo. Ƙarfin baka ana auna shi da laba, za ka ga an rubuta a jikinsa. Yaro mai koyo yakan fara da laba 16 zuwa 20, wato kilo 7 zuwa 9. Mazan da ke harbi a gasar Olamfik suna jan laba 45 zuwa 50, fiye da kilo 20, bayan shekaru suna gina kafaɗa. Kuma ba sau ɗaya ake ja ba. Zagayen tantancewa kaɗai kibiya 72 ne. Yaron da aka ɗora wa bakan da ya fi ƙarfinsa zai riƙa sakin tsirkiya tun bai daidaita ba, don kawai ya huta, daga nan sai ciwon kafaɗa, sai mummunan sabo mai wuyar bari.

Rawar hannun nan kuwa tsoro ne, kuma sanannen abu ne a wasan, har gwanaye yana kamawa. Abin da masu horarwa suke yi shi ne su dawo da yaro kusa, kamar mita 5, su cire takardar da ke da zoben maki, ya yi ta harbi a allon da babu komai a kai. Idan babu maki babu fargaba, sai jiki ya tuna aikinsa. Wannan aikin koci ne, ka bar masa.

Naka aikin daban ne, kuma a ganina ya fi na kocin wuya. Yaro yana tsaye a kan layi, bayansa yana jin idon mahaifinsa. Ya san kuɗin mota da ka kashe, ya san ka rufe shago ka zo, ga kuma keke da ka rataya a kan kibiyarsa. Ka janye sharaɗin keken nan. In za ka saya ka saya, in ba hali ka bari, amma kada ya zama ladan maki. Idan an tashi, kada tambayarka ta farko ta zama "nawa ka ci?" Shi ya fi kowa sanin nawa ya ci, yana rubuce a takardarsa. Ka miƙa masa ruwa, ka tambaye shi ko yana jin yunwa, maganar harbi ka jira sai ya ɗauko ta da kansa.

Ka ba shi labarin Israel Madaye na ƙasar Chadi, maƙwabciyarmu. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 ya kara da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya tashi da zinare uku a gasar. Wata kibiyar Madaye maki 1 tak ta samu, duniya tana kallo. Bai ajiye baka ba, ya harbe sauran kibansa, kuma mutanen Koriya da kansu suka yi ta jinjina masa.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Samaru. 'Yarta mai shekara 15 ta nace tana son wasan, dangi kuma suna cewa kwari da baka na maharba ne da 'yan sintiri, ba na 'ya mace ba. Ita kuma babbar damuwarta kada a ji wa yarinyar rauni.

Hajiya, Bazazzagi ba baƙon baka ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya ga 'yan baka cikin tawaga. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tarar da wasu sahabbai suna gasar harbi ya ƙarfafa musu gwiwa. Batun mata kuwa, ƙungiyar matan Koriya ta Kudu ta ci zinaren Olamfik sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Wasa ne da ba a cuɗanyar jiki, ba a guje-guje, ana yin sa cikin sutura. Abin lura kawai, ta sa hijabin da ba ya lilo a gaba, domin tsirkiya tana kama tufa.

Game da rauni, ki je filin da kanki kafin ki amince. Ki saurari usur: busa biyu a hau layi, ɗaya a fara harbi, uku a je a ciro kibau. Ba wanda ke tsallake layi sai an busa ukun nan. In kika ga yara suna kai da kawo gaban masu harbi, koci yana can yana hira, ɗauke 'yarki ku tafi. Sannan ban yarda da atisaye a tsakar gida ba ko kaɗan. Gidajenmu a manne suke, ga ƙananan yara, ga masu shigowa ba sallama, ga katanga da kibiya za ta iya tsallakewa. A gida ta yi motsin ja da roba kawai.

Sai wani ɗan kasuwa daga Sabon Gari da ke tambayar abin da zai fara saya, don kayan na waje ne kuma tsadarsu ta ba shi tsoro. Alhaji, fara da ƙanana: fatar da ake ɗaurawa a damtse saboda dukan tsirkiya, da wadda ake sawa a yatsu. Baka a yi aron na wurin koyo tukuna, yaro yana girma, hannunsa yana ƙara tsawo. Kibiya kuwa koci ne zai auna masa, saboda gajeriya tana iya zamewa ta soki hannun da ke riƙe da baka. Ka gargaɗi 'yan gida kada kowa ya ja tsirkiya ya sake ba kibiya, hakan yana fasa baka. Kuma da yanayin tsaro da muke ciki, kada yaro ya hau Keke Napep da baka a fili. Na gasa ana kwance shi gida uku ya shiga jaka, a haɗa masa da takardar shaida daga koci.

Akwai sauran wasiƙa daga unguwar Kongo a nan Zariya a kan yadda ake harbi cikin iskar hunturu, da ita za mu fara a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.