Kafin ka sayi keke, ka auna ƙafarka

Assalamu alaikum mutanen Gumel, Maigatari da Ɗambatta. Yau daga Utrecht ta ƙasar Holan nake magana, bakin ma'ajiyar kekuna ta tashar jirgin ƙasa, mai ɗaukar keke 12,500. Ku dubi wannan keken da na jingina: taya inci 28, kai a sama, kariya a baya, Phoenix ɗinmu sak.

A kasuwa mai saye taya yake latsawa, ya ja birki, ya biya. Gwiwa kuma sai daga baya take kawo ƙara.

Ka ari tef ɗin tela. Cire takalmi, jingina da bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka har sama, wani ya auna daga ƙasa zuwa bakin littafin na sama. A ce ya ba da santimita 80. Ka ninka da 0.883, ka samu kusan 71. Tazarar da ake so ke nan daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Babu tef? Hau, ɗora diddige a feda, ka kai ta can ƙasa, ƙafar ta miƙe sambal. In ka koma tuƙi da gaban ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so.

Gaban gwiwa na ciwo, sirdi ya yi ƙasa. Kwankwaso na rangaji hagu da dama, ya yi sama.

Sai firam, wato gangar jikin keken. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafu, a samu ratar yatsa biyu zuwa uku tsakaninka da sandar sama. Mai birki a rairayi ya san amfanin wannan rata, ba sai na faɗa ba.

Ku matso ku ga ƙarfen da ya riƙe tayar gaba, yadda ya kwanto. Shi da doguwar tazarar tayoyi ne ke sa keken ya tafi salin-alin da buhun gero a kariya. Kekunan tsere da ake shigowa da su na hannu, nasu ƙarfen ya fi tsayawa a miƙe, ga kai a ƙasa. A kwalta sun yi, a hanyar gona kuwa wuya da baya za su sha.

Saura wannan layi da aka zana a jikin ƙarfen sirdi. Kada ka zaro shi ya wuce nan, firam zai iya tsagewa. In sai ka wuce layin ƙafarka ke miƙewa, Malam, keken ya yi maka kaɗan, nemi na gaba da shi.