Amsoshin Tambayoyinku: Shin Roba da Leda Suna Sa Ƙiba?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wata baiwar Allah mazauniyar Agege, wadda ta ce ta ji ana cewa abincin da aka zuba a roba ko leda yana sa ƙiba, kuma abin ya dame ta domin tana da juna biyu, ga shi kusan kullum a leda ake sayo mata koko da alala.

Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya. Maganar tana da tushe, amma sai an warware ta. Jiki yana da sinadaran aike da ake kira homon, waɗanda ke yawo cikin jini suna kai umarni, kuma a cikinsu akwai masu sanar da mutum yunwa da ƙoshi, akwai masu yanke hukuncin ko abin da aka ci za a ƙona shi ne ko a adana shi ya zama kitse. To, wasu sinadaran masana'antu suna kama da waɗannan 'yan aike, har jiki ya karɓi saƙonsu kamar na gida.

A shekarar 2006 ne Bruce Blumberg da Felix Grün na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna obesojin, wato masu haddasa ƙiba. Sun yi aiki ne a kan TBT, sinadarin da a da ake sa wa fentin ƙasan jiragen ruwa, irin waɗanda ke tsayawa a Apapa, don kada halittun teku su manne musu. Da aka ba beraye masu ciki, sai 'ya'yan suka taso da kitse fiye da sauran, domin sinadarin yana kunna wani makunni da ke sa ƙwayoyin halitta su rikiɗe su zama ƙwayoyin kitse. Wani binciken da aka yi daga baya ya ga alamar har a jikoki da tattaɓa-kunnen berayen. Haramcin wannan fenti a duniya ya fara aiki a 2008.

Abin da ya sa na tsaya a kan berayen nan, Hajiya, shi ne lokacin da abin ya same su. Lokacin da jariri yake ciki da kuma ƙuruciya ne jiki ke tsara yawan ƙwayoyin kitsensa, kuma idan suka yawaita, rage cin abinci daga baya yana ƙanƙantar da su ne kawai, adadinsu kuwa yana nan. Saboda haka a ganina mai ciki da ƙaramin yaro su ne suka fi cancantar a tsare.

Wanda ya fi kusa da girkinmu shi ne BPA, da ake samu a wata irin roba mai tauri, da shafen cikin gwangwanin abinci, da wasu takardun rasit masu santsi. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kwalbar shayar da jarirai a 2011, Amurka ta bi baya a 2012. Ledar ƙulli ba da BPA ake yin ta ba, amma zafi da maiƙo suna janyo sinadaran roba su shiga abinci, alala kuwa ta haɗa duka biyun. A mutane, bincike ya nuna alaƙa ne tsakanin yawan waɗannan sinadarai a fitsari da ƙiba, alaƙa kuma ba ta kai hujjar cewa su kaɗai ne sanadi ba. Duk da haka kiyayewar ba ta da tsada: ki aika da kwanon samira ko kofin silba a zubo miki koko, a dafa alala a ganye, kada kuma a bar ruwan leda ko na gora ya wuni a rana. Gwamnatin Legas ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci a Janairun 2024 saboda toshe magudanai, matakin kuma ya amfani cikinmu.

Wasiƙa ta biyu daga wani matashi ce mai sana'ar gwangwan a kusa da bolar Olusosun a Ojota. Ya ce suna ƙona wayar lantarki don ciro jan ƙarfe, yana tambaya ko hayaƙin yana cikin wannan lissafi.

Malam, yana ciki, kuma naka ya fi nauyi. Jiki yana fitar da BPA ta fitsari cikin kamar yini guda, amma sinadarin dayoksin da ke tashi idan aka ƙona rigar waya, da sinadarin PCB na tsohon man taransifoma, narkewa suke yi cikin kitse su zauna shekaru, har su bi nonon uwa. Su ne irin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ta sa wa ido, kuma an danganta su da ciwon suga da wasu cututtukan da suka fi ƙiba muni. Ina roƙonka da abokan aikinka ku riƙa feɗe wayar da wuƙa maimakon wuta, ku wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma ku shiga ɗakin iyali da kayan aiki.

Wani daga Idi-Araba ya tambaya ko barin roba zai sauke masa tumbi. Ba zai sauke ba, Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba, kuma lemon kwalba, soye-soye da zaman awanni cikin cunkoson titin Ikorodu suna nan a sahun gaba wajen haddasa ta. Ka fara da rage zaƙi da tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun mako, sannan ka je asibiti a auna maka suga da hawan jini.

Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.